Kasona a Tashar Wasanni

Litinin, 2 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Alƙaliya ce ta ba ni wannan littafin. Matata ke nan. Ni na laƙaba mata sunan, don a gidanmu ita ke riƙe da usur. Ta ce tunda bakina ba ya hutawa a Tasha kuma ba ya hutawa a gida, in gwada zuba wa takarda ko kunnenta zai sarara. To ga ni.

Shekara ashirin da takwas ina sharhin ƙwallo a tashar wasanni ta ƙasar nan. Duk wanda ya kunna talabijin ranar Asabar da yamma, ni yake ji. Ba yabon kai ba ne, a kasuwa ma idan na ce "nawa ne wannan" sai mai kaya ya ɗago ya ce, "Kai ne!"

A Tasha ana ta ƙus-ƙus. Wai wani Kamfani yana bin masu kaso ɗaya bayan ɗaya yana saye, kuma ranar 27 ga wata za a yi taron da za a san wanda zai riƙe Tasha. Masu ɗaukar hoto sun daina dariya a kantin shayi. Ni kam hankalina kwance. Na ga abin da ya fi wannan.

Talata, 3 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Manaja ta kira mu ofishinta, ni da Injiniya. 'Yar Marigayi ce, wanda ya kafa Tasha. Tun tana rarrafe a tsakanin wayoyinmu take ce min Kawu, yanzu ita ke sa hannu a takardar hutuna.

Ta rufe ƙofa ta ce, "Gaskiya ne abin da kuke ji. Yayyena duk sun sayar. Magadan abokanku biyu da suka rasu ma sun sayar. Amma idan aka haɗa nawa da na Baba Injiniya da naka, Kawu, mun fi rabi. Ba za su iya ba."

Injiniya ya ce, "Nawa sai dai a binne ni da shi."

Ta juyo. "Kawu, naka yana nan ko?"

Na ce, "Yana nan."

Ta yi ajiyar zuciya, ta zuba mana shayi. Daga nan ta ba ni aiki: in rubuta tarihin Tasha, in karanta da muryata, a sa a kallo kafin taro, don mutane su san abin da ake son sayewa.

Na ce yana nan. Ai yana nan. Ina zai je?

Laraba, 4 ga wata, ƙarfe goma na safe

Na fara tarihin. Wa ya fi ni saninsa?

Mu biyar ne muka fara, a wani sito bayan shagon masu faci. Kyamara ɗaya, ta aro, idan ta yi zafi sai Injiniya ya dinga yi mata fifita da kwali. Wasanmu na farko na yi sharhinsa a tsaye kan tebur, don tagar siton ce kaɗai ke kallon filin. Aka ci ƙwallo, na yi tsalle, teburin ya karye, na ƙarasa "ta shiga raga!" daga ƙasa. Marigayi ya yi dariya har ya yi hawaye, ya ce, "Kada ka gyara, haka za ka dinga faɗa."

Da Tasha ta tsaya da ƙafarta, sai ya raba ta. Ya riƙe babban kaso, ya ba mu mu huɗu kowa nasa da takarda mai hatimi. Na tuna maganarsa: "Na raba ne don kada wani ya shigo da jaka ya saye ta da safe ɗaya. Sai ya bi ta kanku."

Na rubuta wannan layin, na goge, na sake rubutawa. Alƙalamin ne ba ya ja sosai.

Alhamis, 5 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Na kira surukina, mijin 'yata, sau uku. Waya tana shiga, ba a ɗauka. Mutum ne mai harkoki.

Asabar, 7 ga wata, ƙarfe bakwai na yamma

Wasa ya yi wasa! 'Yan jirgin ƙasa da 'yan masaƙa, uku da biyu. Ƙwallon ƙarshe ana saura minti ɗaya, bugun kusurwa, mai tsaron raga ya fito kamar zai sayo gishiri, aka ɗaga masa ta sama. Na ja "raga" har sai da Injiniya ya ce min ta abin kunne, "Ya isa haka, za ka ƙona min na'ura." Ina da shekara sittin da uku, amma numfashina har yanzu ya fi na masu talatin.

A irin wannan yinin ba na tuna komai. Minti casa'in cur ban tuna komai ba.

Litinin, 9 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Mutumin Kamfani ya zo duba gini. Ma'aikata sun sa masa suna Mai Kwat, don cikin wannan zafin bai cire ta ba. Ya zaga ɗakin labarai, ya leƙa ɗakin kaset, yana shafa bango kamar mai zaɓen rago.

A bakin matakala muka yi kiciɓis. Ya kama hannuna da hannu biyu ya ce tun yana makaranta yake jin muryata. Sai ya rage murya ya ce, "Mun gode da haɗin kai, ranka ya daɗe. Mun san ba abu ne mai sauƙi ba. Ba za mu faɗa wa kowa ba sai ranar."

Na ce, "Wane haɗin kai?"

Ya yi murmushi, ya ce in gai da surukina.

Mutanen nan akwai iya tsoratarwa. Salon ciniki ne kawai, na san irinsu.

Litinin ɗin dai, ƙarfe shida na yamma

Na zazzage durowar gado, da akwatin takardun gida, da jakar da nake zuwa filin wasa da ita. Alƙaliya ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Me kake nema?"

Na ce tabarau.

Ta ce, "Ga shi a goshinka."

Laraba, 11 ga wata, ƙarfe tara na safe

Tarihi, kashi na biyu. A shekara ta tara gwamnati ta karɓe Tasha. An ce wasanni na ƙasa ne, ba na mutum biyar ba. Aka kawo mana wani shugaba wanda bai san bambancin satar gida da bugun gefe ba. Wata rana ya aiko da takarda wai in daina cewa ƙungiyar ƙasa "ta sha kashi", in ce "ba ta samu nasara ba tukuna". Aka ci mu huɗu da nema, na ce wa masu kallo, "Jama'a, ba mu samu nasara ba tukuna har sau huɗu." Sati biyu aka dakatar da ni.

Shekara shida Marigayi yana hawa kotu, ko takalmi bai sake ba. Ya ci. Abin da ya ci da shi kuwa takardunmu ne masu hatimi, guda biyar, a jere gaban alƙali. Bayan nan muka hau tauraron ɗan'adam, muka sayi motar watsa wasa kai tsaye, har ƙauyen da babu kwalta ana kallonmu.

Na karanta wa Manaja wannan kashin. Ta ce, "Kawu, wannan karon ma guda uku za su isa." Na ce sosai ma.

Juma'a, 13 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

'Yata ta zo da 'yan matanta biyu. Da babban akwati. Ta ce hutu suka zo. Makaranta ba ta yi hutu ba, amma ban tambaya ba. Na ce ina mai gidan naki, ta ce, "Baba, ruwa zan sha," ta shige ɗakin uwarta.

Gida ya cika da hayaniya, na ji daɗi. Ƙaramar ta ce in yi mata "raga", na yi mata sau biyar.

Lahadi, 15 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Alƙaliya ta hura usur.

Ina zaune a falo ta kashe talabijin, ta zauna a gabana. Ta ce, "Malam, shekara talatin da biyar muna tare. Idan ka yi ƙarya kunnenka na hagu yana motsi. Tun ranar Talatar can yake motsi."

Na ce sauro ne.

Ta ce, "Ina kicin ranar, shekara biyu da suka wuce. Ana wasa a talabijin, surukinka ya zo da fayil ya durƙusa ya ce, Baba, ka huta da zuwa taro, ni zan dinga wakiltarka. Na ji ka ce masa, ina zan sa hannu? Ka karanta?"

Tabarau na ɗaki a lokacin. Kuma ana shirin buga fenareti. Kuma yaya za a yi mutumin da ƙasa duka ke saurare ya ce wa mijin 'yarsa, dakata in ɗauko tabarau in bincike ka?

Ban faɗa mata duk wannan ba. Na ce wakilci ne kawai.

Ta ce, "To gobe ka kai wa lauya. 'Yarka ta zo da kwafin a cikin akwatinta. Abin da ya fito da ita daga gidan ke nan."

Litinin, 16 ga wata, ƙarfe uku na rana

Lauya ya karanta sau biyu. Ya juya bayan takardar ko akwai wani abu. Ya tambaye ni ko sa hannuna ne, na ce nawa ne. Ya tambaya ko an tilasta ni, na ce wa zai tilasta ni?

Sauran abin da ya ce ba na rubutawa a littafin nan ba ne.

Na biya ta wajen mai wankin mota, aka wanke ta tas. Mota ta yi kyau.

Laraba, 18 ga wata, ƙarfe sha biyu na rana

Na shiga ofishin Manaja da niyya. Na ma tsara yadda zan fara. Na tarar tana bitar jawabin da za ta yi ranar taro, ta ce in zauna in gyara mata numfashi. Ta karanta: "Mahaifina ya bar min dattawa biyu da kuɗi bai taɓa juya su ba."

Ta ce, "Ya yi?"

Na ce ta ɗan dakata bayan "biyu", zai fi shiga.

Har yanzu akwai kwana tara. Abubuwa da yawa suna faruwa a kwana tara. Na sha ganin an farke uku a minti goma.

Alhamis, 19 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Lambar surukina yanzu a kashe take.

Asabar, 21 ga wata, ƙarfe bakwai na yamma

Ba ci. Wasa kamar an jiƙa tsumma.

A hutun rabin lokaci na sauka motar watsa shiri in sha ruwa. Na tarar da Injiniya shi kaɗai, yana naɗe waya, abin da ba aikinsa ba ne. Ashe tun ranar Laraba babu mai zama kusa da shi a kantin shayi. Magana ta fito daga Kamfani cewa ɗaya daga cikin tsofaffin biyu ya riga ya ba su. Kowa ya ce Injiniya ne, don shi ba ya fara'a, ni kuwa ina yi. An ma rubuta masa wata kalma da alli a ƙofar ɗakin na'ura.

Bai ɗago ba ya ce, "Mu biyu ne. Ni na san ba ni ba ne."

Na ce, "Ka saurare ni."

Ya ce, "Shekara ashirin da takwas nake saurarenka, ta abin kunne ma. Ba ni za ka gaya wa ba. Ka gaya mata ranar Litinin, ko in gaya mata ranar Talata. Hau, saura minti biyu."

Na hau. Muryata ba ta yi rawa ba. Ko kaɗan.

Litinin, 23 ga wata, ƙarfe goma na safe

Na gaya mata. A tsaye. Na ajiye kwafin a kan teburinta, na faɗa daga farko har ƙarshe, har da tabarau. Takardar ba ta wakilci ba ce, kasona na mallaka wa surukina, shi kuma ya sayar wa Kamfani.

Ta karanta har ƙarshe. Can ta ce, "Tun yaushe?"

Na ce shekara biyu.

Ta ce, "A'a. Tun yaushe ka san akwai matsala?"

Na ce tun ranar da ta tambaye ni.

"Sati uku," in ji ta. "Da ka faɗa ranar, akwai ƙanwar babana da ba ta sa hannu ba sai ranar goma ga wata. Da na je na kwana a ƙofarta. Ban je ba, don na ce ina da Kawu."

Wannan ban san da shi ba.

Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce in ja mata ƙofa idan na fita.

Talata, 24 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Na ɗauki tsumma da ruwa na goge ƙofar ɗakin na'ura da hannuna, a gaban kowa.

Alhamis, 26 ga wata, ƙarfe shida na yamma

An sa tarihin Tasha. Manaja ta bar shi yadda na karanta, ba ta cire ko harafi ba. Waya ta yi ta shigowa, wasu tsofaffi suna cewa sun tuna ranar teburin. Mun kalla a falo. 'Yata ta tashi a tsakiya, na bi ta kicin na ce, "Ke ba ki sa hannu a komai ba. Ni na sa. Gidan nan naki ne har ranar da kika ga dama." Ta rungume ni tana cewa in yafe mata, na ce ta bari, za ta jiƙa min rigar gobe.

Gobe zan je taron. Ba ni da ƙuri'a, amma ina da baki.

Juma'a, 27 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Ɗakin taro ya cika, ma'aikata a tsaye har baranda. Mai gadi ya duba takarda ya ce sunana ba ya cikin masu kaso. Na ce masa, "Duba fuskata." Ya matsa.

Kafin a fara na miƙe. Ban nemi makirufo ba, ban taɓa buƙatarsa a ɗaki ba. Na ce, "Jama'a, wanda kuke nema ni ne. Injiniya bai sayar ba, ba zai sayar ba. Ni na sa hannu a abin da ban karanta ba, na kuma ɓoye don kunya. Duk mai alli ya zo ƙofata." Wata mai karanta labarai ta rufe baki da hannu. Injiniya yana kallon silin.

Aka kaɗa ƙuri'a. Ba sai na rubuta ba.

Manaja ta yi jawabinta duk da haka. Ta tsallake layi ɗaya. Ta yi wa ma'aikata godiya, ta miƙa makullai, ta fita da kanta a sama. Ubanta sak.

Na cim mata a wajen ajiye motoci da takardar ajiye aiki a hannuna. Ta karanta ta mayar min. Ta ce, "Mutum tamanin ke cin abinci a ginin nan. Kamfani bai sayi bango ba, muryarka ya saya, ita ce ke kawo talla. Idan ka tafi, rabinsu za su bi ka zuwa titi. Ka yi ɓarna ɗaya, kada ka ƙara ta biyu don ka ji sanyi a ranka."

Na ce, "Ke fa?"

Ta ce, "Wannan ba tambayarka ba ce yanzu." Ta ja mota.

Litinin, 30 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Mai Kwat ya kira ni ofishin da yake na Manaja har ranar Juma'a. Ya turo min sabuwar yarjejeniya da biro, yana murmushi.

Na ciro tabarau. Na goge shi. Na karanta shafi goma sha ɗaya, layi-layi, da ƙarfi, da muryar sharhi. Minti arba'in. Sau biyu ya duba agogo.

Da na gama na ce, "Ɗana, saura abu uku. Ba za a sallami kowa ba har shekara biyu. Injiniya yana nan a ɗakinsa har ranar da ya gaji. Kaset ɗin tarihi ba za su bar ginin nan ba, kuma hoton Marigayi yana nan a bakin ƙofa."

Ya ce ai huɗu ke nan. Na ce a ƙwallo ma ana ƙara lokaci.

Ya ce ba shi ke yanke hukunci ba. Na ce to ya tambayi mai yankewa wa zai yi musu wasan ƙarshe na kofi ranar Asabar. Na miƙe, na bar masa bironsa.

Laraba, 2 ga sabon wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Sun yarda da uku da rabi. Shekara ɗaya da rabi maimakon biyu. Lauya ya duba, Alƙaliya ta duba, sannan na sa hannu.

Injiniya ya ajiye min shayi a tebur ya wuce. Babu sukari. Na shanye.

Asabar, 5 ga wata, ƙarfe bakwai na yamma

Wasan ƙarshe. Fili ya cika maƙil, har kan katanga. Sabon tambarin Kamfani yana kusurwar allo, ja kamar ciwon ido. Na yi aikina. Biyu da ɗaya, 'yan masaƙa suka ɗauki kofi bayan shekara goma sha tara, kocinsu ya zauna a ciyawa yana kuka kamar ɗan yaye.

Ina tattara takarduna waya ta yi ƙara. Manaja. Tun ranar taro ba mu yi magana ba. Na tsaya ina kallon wayar har ta kusa katsewa.

Ba sallama ta ce, "Sau biyu ka kira mai lamba takwas da sunan mai lamba shida."

Na ce ba zai yiwu ba.

"Minti na sha bakwai da na hamsin da biyu. Ka je ka duba kaset."

Na ce, "Ashe kin kalla."

Ina jin ƙarar talabijin ɗinta, tallar da ke biyo bayan wasa.

Ta ce, "Wace tasha zan kalla?" Can ta ƙara, "Ranar Asabar ka kula. Ina ji."

Na sauka motar watsa shiri na sa Injiniya ya mayar min da minti na sha bakwai. Ya mayar. Muka kalla tare.

Gaskiyarta.